Yadda Mai Busa Turampet Zai Gina Juriyar Leɓe Ba Tare da Ya Ji wa Kansa Ciwo Ba

Duk wanda ya taɓa busa turampet ko turambon ko wani ƙahon tagulla a gaban jama'a ya san wannan lokacin. An ci rabin shiri, saura waƙoƙi uku, sai ka ji leɓenka na sama ya yi nauyi kamar ba naka ba. Sautin da ka fitar da safe babu wata wahala, yanzu ka neme shi sai iska kawai ke fita. Ka ƙara danna ƙahon a baki, ya fito sau ɗaya, na biyu ya ƙi. Daga nan sai ka koma lissafin layukan da suka rage, waƙar kuma ta fita daga ranka.

Na daɗe ina ɗaukar cewa maganin wannan shi ne ƙarin busa. Nakan yi awa biyu a tsaye ban cire ƙahon daga baki ba, sai leɓen ya kumbura, in kwanta ina ganin na yi aiki. Wata huɗu na yi a haka ina shirin wani taro, kuma ranar taron na fi ranar da na fara rauni. Abin da na fahimta daga baya, wanda kuma shi ne ƙashin bayan duk abin da zan faɗa a nan, shi ne juriya ba ta zuwa ta hanyar azabtar da leɓe. Tana zuwa ne idan ka rage ƙarfin da kake ɓarnatarwa a kan kowane sauti, kuma ka koyi tsayawa kafin ka gaji.

Me ke gajiya tukuna?

Ƙahon ba shi ne tushen sautin ba, laɓɓanka ne. Iska na ratsa tsakaninsu, suna buɗewa suna rufewa da sauri, bututun kuma yana daidaita wannan karkarwa yana ƙara mata amo. A turampet ɗin da aka fi amfani da shi, idan ka busa sautin da ake kira C na ƙasa (da haruffan A zuwa G ake sa wa sautukan waƙa suna) laɓɓanka na karkarwa wajen sau 233 a daƙiƙa ɗaya. C na tsakiya sau 466. C na sama, wanda kowa ke burin kamawa, sau 932. Naman da ke wannan aiki ɗan kaɗan ne, wanda ya shiga cikin ƙoƙon baki, wato ɗan ƙarfen nan mai kama da ƙaramin kofi da ake ɗorawa a leɓe. Faɗin cikinsa a turampet bai wuce milimita 16 zuwa 17 ba.

Saboda haka zaman leɓe aiki biyu ne da suka saɓa wa juna. Tsakiyar leɓen da ke cikin ƙoƙo dole ta kasance da laushi, a sake, don ta yi karkarwa. Gefen baki biyu da haɓa su ne ke riƙe da tsarin, kamar yadda ƙarfen gefen ganga ke riƙe da fata. Akwai tsokar da ta zagaye baki kamar zobe, akwai na kumatu da na haɓa da ke jan ta. Sirara ne, ba irin tsokar cinya ba ce da za ka loda mata kaya ta ɗauka.

Daga nan ne za ka rarrabe gajiya iri biyu, kuma ina roƙonka ka riƙe wannan bambanci da kyau. Idan gefen bakinka ne ya yi tsami, kamar wanda ya daɗe yana murmushi, to tsoka ce ta yi aiki, hutu kaɗan zai dawo da ita, gobe ma ta ƙara ƙarfi. Idan kuwa tsakiyar leɓen ce ta kumbura, ko ta mutu ba ka jin ta, ko haƙora suka yi shaida a cikinta, wannan ba motsa jiki ba ne, rauni ne. Ka matse nama tsakanin ƙarfe da haƙori har jini ya kasa zagayawa. Irin wannan gajiyar ba ta gina komai ko da ka shekara kana yin ta.

Mataki na farko: gano yawan dannawar da kake yi

Ka tsaya gaban madubi ka busa wata waƙa da ka saba na minti biyu, sannan ka cire ƙahon ka dubi leɓenka. Zoben ja mai ɗan haske da ke ɓacewa cikin minti ɗaya ko biyu ba komai ba ne, kowa na samun sa. Zobe mai zurfi, fari a tsakiya, wanda ke nan har ka gama naɗe kaya, shi ne alamar kana danne ƙahon fiye da kima.

Sai ka dubi hannuwanka. A turampet akwai 'yar ƙugiya a saman bututun inda ake sa ƙaramin yatsan hannun dama. An yi ta ne don riƙe ƙaho da hannu ɗaya lokacin juya takarda ko sa abin toshe sauti, amma mutane da yawa sun mai da ita abin jan ƙaho zuwa fuska. Na taɓa kallon wani ɗalibi yana hawa daga G zuwa C na sama, ƙaramin yatsansa ya lanƙwashe a cikin ƙugiyar har farcen ya yi fari, jijiyar bayan hannunsa na hagu ta miƙe. Da na ce ya ɗora yatsan a saman ƙugiyar kawai, sautin ya ƙi fita sam. Ransa ya ɓaci, amma a ranar ne ya san ainihin inda ƙarfin leɓensa ya tsaya. Kai ma ka fitar da yatsan na mako biyu ka gani.

Kada ka fahimce ni a baibai. Babu busa ba tare da dannawa ba, dole ƙoƙo ya zauna ya rufe don kada iska ta tsere. Abin da ake nema shi ne daidai gwargwadon da zai rufe, ban da ƙari. Hanyar aunawa mai sauƙi: ka riƙe G na tsakiya, ka dinga sassauta hannu kaɗan-kaɗan har sautin ya fara yin iska, sannan ka mayar da ɗan abin da zai gyara shi. Wannan wurin shi ne naka. Ka maimaita a kan sauti uku ko huɗu kullum har jikinka ya haddace shi.

Mataki na biyu: bar iska ta ɗauki nauyin

Yawancin abin da ake kira raunin leɓe, idan aka bi diddigi, ƙarancin iska ne. Idan iskar ba ta tafiya sosai, leɓe ne ke cike giɓin ta hanyar matsewa, hannu kuma ya taya shi da dannawa. Arnold Jacobs, wanda ya busa tuba, wato babban ƙahon tagulla mai kaurin murya, a babbar ƙungiyar makaɗa ta Chicago daga 1944 zuwa 1988, ya shahara da koyar da haka: ka ji waƙar a kanka sarai, ka tura iska, ka daina sa ido a kan abin da leɓe ke yi. Mabusa da yawa da suka je wurinsa da kukan leɓe, a numfashi ya gyara su.

Ka ja numfashi ta gefen baki, maƙogwaro a buɗe kamar mai shirin hamma, cikin shiru. Idan ana jin ƙarar shaƙarka daga nesa, hanyar a matse take. Kada ka tsare iskar bayan ka ja. Ja da fitarwa su zama motsi ɗaya, kamar lilo. Kafin ka ɗauki ƙaho, yi haka sau biyar ko shida: ja cikin bugu huɗu, wato kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu a hankali, fitar cikin bugu huɗu, sannan ja cikin biyu ka fitar cikin takwas. Idan ka ji jiri ka zauna ka dakata.

Mataki na uku: ɗumama baki, kada ka gajiyar da shi

Minti goma zuwa sha biyar sun isa. Fara da kaɗa laɓɓa a sake kamar yadda doki ke yi, sannan ka busa ƙoƙon baki shi kaɗai na minti ɗaya ko biyu, kana zamewa daga sauti zuwa sauti a tsakiyar muryar ƙaho. Sai ka haɗa ƙahon ka fara daga G na tsakiya kana sauka, ƙasa-ƙasa, babu ƙarfi. Sautin sama ba na wannan lokaci ba ne. Idan ka gama ɗumamawa kana jin ka fi lokacin da ka fara gajiya, to atisaye ka yi, ba ɗumamawa ba.

Mataki na huɗu: hutu daidai da busa

A nan ne aka fi samun gardama, a nan ne kuma riba ta fi yawa. Tsohuwar ƙa'ida ce a wurin malaman wannan fanni: iya tsawon da ka busa, iya tsawon da za ka huta. Ka busa layi na daƙiƙa talatin, ka cire ƙahon daga baki na daƙiƙa talatin. Cirewa gaba ɗaya nake nufi, ba barin ƙarfe a kan leɓe kana jira ba, domin sai an ɗage shi jini ke komawa wurin.

Lokacin hutun ba a banza yake tafiya ba. Ka rera layin da baki, ka danna bawul, wato maɓallan nan uku na turampet, da yatsu kana fitar da iska ba tare da ƙaho a leɓe ba, ka karanta abin da ke gaba. Idan kuna da yawa, ku yi karɓa-karɓa: ɗaya ya busa layi, ɗaya ya maimaita. Hutun sai ya zo da kansa, kunne kuma ya amfana.

Sannan ka raba yinin. Zama uku na minti ashirin da biyar, safe da rana da yamma, sun fi zama ɗaya na awa da kwata nesa ba kusa ba, duk da cewa jimillar ɗaya ce. A zama ɗaya mai tsawo, rabin ƙarshe kana busa ne da gajiyayyen baki, kuma duk dabarar da jiki ya ƙirƙiro don ya tsira a wannan hali, ita yake haddacewa: dannawa, shaƙe maƙogwaro, jan laɓɓa baya kamar mai murmushi. Ka tsaya tun sautin na da kyau. Na san yana da wuya, musamman ranar da baki ya yi daɗi kana jin kamar ka kwana kana busa. To a irin ranar ce aka fi yi wa gobe illa.

Mataki na biyar: dogon sauti, da siririyar murya

Ka saita na'urar ƙidayar bugu a kan 60, wato bugu ɗaya a daƙiƙa. Fara daga G na tsakiya, riƙe shi bugu takwas, huta takwas, sauka rabin mataki, wato zuwa sautin da ke dab da shi a ƙasa, haka har C na ƙasa. Idan ya zauna, ka kai bugu goma sha biyu, sannan sha shida. Bayan mako biyu ka fara sa masa kumbura da sacewa: fara siriri, ƙara amo har tsakiya, koma siriri, ba tare da sautin ya hau ko ya sauka ba. Ƙarshen nan, inda sautin ke sirancewa yana neman yankewa, nan ne gefen baki ke koyon aikinsa.

Busa da siririyar murya ya fi busa da ƙarfi gina juriya, ko da yake mutum ba zai zaci haka ba. Siririn sauti ba ya fita sai ƙofar da ke tsakanin laɓɓa ta yi ƙanƙanta kuma naman ya kasance a sake, ba za ka iya samun sa da dannawa ba. Herbert Clarke, fitaccen mai busa konet (ƙaho mai kama da turampet) na Amurka, ya fitar da littafin atisayensa a 1912, har yau kuma ana amfani da shi. Atisayen farko a ciki hawa da sauka ne rabin mataki-rabin mataki, ana maimaitawa cikin numfashi ɗaya, kuma ya nanata a yi shi da siririyar murya ƙwarai. Mutane na ɗaukar sa aikin yatsu ne kawai. Ka yi shi yadda ya ce, da hutu tsakanin layuka, ka ji abin da zai yi wa gefen bakinka cikin wata guda.

Mataki na shida: zamiya tsakanin sautuka

Ba tare da ka taɓa bawul ko ɗaya ba, turampet na ba da C na ƙasa, G, C na tsakiya, E, G na sama, har zuwa C na sama. Atisayen shi ne ka zame daga ɗaya zuwa na kusa da shi ba tare da harshe ya yanke iskar ba. Fara da C zuwa G ka dawo, sau huɗu, sannan ka bi sauran haɗin bawul bi da bi: 2, 1, 1 da 2, 2 da 3, 1 da 3, sai duka ukun. Kowanne na saukar da kai rabin mataki. Mai turambon zai bi matsayi bakwai na bututunsa mai zamewa, lissafin ɗaya ne.

Sirrin yana ga harshe. Idan za ka hau, bayan harshe na ɗagawa kamar kana cewa "ii", idan za ka sauka ya kwanta kamar "aa". Gwada fito da baki daga ƙasa zuwa sama ka ji yadda harshenka ke motsi, kusan haka ne. Duk aikin da harshe da iska suka ɗauka, an sauke wa leɓe shi. Ka kalli madubi: haɓa ta zauna a shimfiɗe, kada ta dunƙule, gefen baki ya tsaya wuri ɗaya, kada ya ja baya. Kada ka ƙara sauti na gaba a sama sai na ƙasansa na fita babu tangarɗa kwana uku a jere.

Mataki na bakwai: atisayen ƙarfi, da taka tsantsan

Carmine Caruso, wani malami a New York wanda shi kansa sakso yake busawa, abin busa da ba ya cikin dangin turampet, amma mabusa tagulla suka yi ta tururuwa wurinsa, yana da atisayen da ake kira sautuka shida: G, G mai ƙari (wato rabin mataki sama da G), A, A mai ƙari, B, C. Kowane sauti ana busa shi bugu biyu, bugu biyu, bugu huɗu, sai hutun bugu huɗu. Abin da ya bambanta shi shi ne ba a cire ƙoƙo daga leɓe kuma ba a sassauta zaman baki har a gama, ta hanci ake jan numfashi, ƙafa na buga lokaci. Ana bin jerin sau biyu. 'Yan mintuna ne, amma za ka ji shi a gefen baki.

Sau ɗaya a yini ya isa, kuma a bi shi da hutu mai kyau. Haka atisayen fensir, inda ake riƙe gindin fensir da laɓɓa kaɗai ban da haƙori, ya miƙe a gaba: fara da daƙiƙa ashirin ko talatin, da dare bayan an gama busa, ba kafin a fara ba. Ni ina sa waɗannan a ƙarshen jeri da gangan. Wanda bai gyara dannawa da numfashi ba, idan ya faɗa musu, ƙarfi zai ƙara wa kuskurensa.

Mataki na takwas: juriyar waƙa sai da waƙa

Atisaye na gina kayan aiki, amma a fage waƙa za ka busa, mai hawa da sauka da wurin numfashi ƙalilan. Ka zaɓi waƙa mai sanyi wadda ba ta wuce tsakiyar muryarka ba. Busa ta har inda ka ji sautin ya fara canjawa, ka sa alama da fensir a wurin. Gobe ka tsaya layi ɗaya kafin alamar. Bayan kwana uku ko huɗu ka matsar da ita gaba kaɗan. Idan kana iya gama waƙar, ka huta minti ɗaya ka maimaita, sannan ka dinga rage hutun.

Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta abu uku kullum: minti nawa ka busa, mene ne ya fi wahala, da yadda leɓen ya tashi washegari. Na ukun ne alƙali. Idan ka tashi baki a sake, sauti na kamawa da wuri, nauyin jiya daidai ne. Idan ya tashi a sandare kwana biyu a jere, ka yi yawa. Ranar aiki mai nauyi a bi ta da mai sauƙi, sautukan ƙasa da siririyar murya kawai. Kuma abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: ko tsawon lokaci, ko tsayin sauti, ko ƙarfin amo.

Ranar fita fage

Ɗumamawa gajeriya, kada ka gwada sautukan sama don ka tabbatar suna nan. Duk inda takarda ta ba ka hutu, ko na bugu biyu ne, ka ɗage ƙoƙon daga leɓe. Inda aka rubuta a busa da ƙarfi kuma kuna da yawa a layi ɗaya, ba sai ka fi kowa amo ba, ka adana don inda kai kaɗai ne. Ka sha ruwa sosai, busasshen leɓe ba ya karkarwa da kyau. Man leɓe mai sa sanyi ko ɗan zafi-zafi ka guje shi kafin busa, yana iya rufe maka alamar ciwo. Bayan an tashi, minti biyu ko uku na sautukan ƙasa a sanyaye, ka kaɗa laɓɓa, ka rufe akwati.

Game da sauya ƙoƙon baki, wanda shi ne abin da kowa ke fara tunani: gefe mai faɗi kan raba nauyi ya ba da sauƙi, ƙaramin ƙoƙo kan taimaka wa sautin sama, babba kan ba da kaurin sauti amma ya fi cin ƙarfi. Yawancin masu koyo da 7C na kamfanin Bach ko makamancinsa suke farawa, kuma ya isa ya kai mutum nesa. Idan za ka sauya, ka yi da shawarar malami, ka ba sabon makonni kafin ka yanke masa hukunci. Masu turambon da tuba, da ƙoƙonsu ya kai milimita 25 zuwa sama da 30, sun fi samun sauƙi wajen matsewar nama, amma iska ta fi ƙare musu, don haka mataki na biyu ne nasu na musamman.

Lokacin da za ka ajiye ƙaho

Louis Armstrong, shahararren mai busa turampet na Amurka, ya sha fama da tsagewar leɓe saboda yawan busa sautukan sama dare bayan dare, har a tsakiyar shekarun 1930 dole ta sa ya ajiye ƙaho na watanni. Likitoci ma da laƙabinsa, Satchmo, suke kiran yagewar tsokar da ta zagaye baki. Freddie Hubbard, shi ma fitaccen mai busa turampet, ya tsage leɓensa na sama a 1992, ya ci gaba da busa a kai, ciwon ya ruɓe, busarsa kuma ba ta koma yadda take ba. Waɗannan manya ne da ƙarfin bakinsu ya wuce misali.

Idan ka ji zafi mai tsini kamar an soka allura, ko leɓen ya mutu har bayan awanni, ko ka ga wani ƙullutu ko rami a inda ƙoƙo ke zama, ko fata ta tsage, ka tsaya a ranar. Kumburi na yau da kullum kan sauka da hutun kwana ɗaya ko biyu da ɗan sanyaya wurin da tsumma mai sanyi. Wanda ya wuce haka, ko karkarwar baki da ba ka iya sarrafawa da ke zuwa duk lokacin da ka ɗora ƙaho, na likita ne. Ƙuraje ko ƙaiƙayi daidai zoben ƙoƙo na iya zama jikinka ne ba ya shiri da ƙarfen, musamman idan rufin azurfar ya goge, sai a nemi mai rufin zinariya ko na roba.

Idan za ka dawo bayan hutun ciwo ko doguwar tafiya, fara da minti biyar sau biyu a yini, daga G na tsakiya zuwa ƙasa kawai, da siririyar murya. Kwana uku a haka. Idan safiya ta huɗu leɓen ya tashi lafiya, ka mai da shi minti goma, ka ƙara C na tsakiya.